Waya mai ninkewa za ta iya da ƙurar Kano kuwa? Ina neman shawara kafin na zuba kuɗina

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar waya ku taimaka min da shawara. Ni a Kantin Kwari nake, shadda da leshi da atamfa nake sayarwa, kuma yanzu kaso mai yawa na cinikina ta WhatsApp yake zuwa, kwastoma yana Gombe ko Maraɗi ko Abuja sai ya ce turo min kala kaza, in ɗauka in tura, ya zaɓa ya turo kuɗi a kai masa kayansa tasha. To wayar hannuna ta gaji, batirin ba ya kai ni la'asar, kuma in na fito bakin shago da rana don in ɗauki yadi a haske sai sikirin ɗin ya dushe, bana ganin abin da nake ɗauka sai na kare da tafin hannu.

Maƙwabcin shagona ya sayi irin wayar nan mai buɗewa biyu, na riƙa na gani gaskiya ta burge ni, ya buɗe lissafin kaya a gefe ɗaya hira da kwastoma a ɗaya gefen, hoton leshi kuma har zaren aikin kana gani. Yanzu an kawo min tayin wata Landan yus, kuɗin ba kaɗan ba ne amma zan iya. Abin da ke hana ni shi ne, shin za ta jure ƙurarmu ta hunturu da zafin bazara? In sikirin ɗin ciki ya samu matsala ana gyarawa a nan Kano? Sannan wai nan ɗin duniya ta dosa ne ko yayi ne kawai da zai wuce a bar mutum da kaya a hannu?

Injiniya Farm Centre:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Gyaran waya ne sana'ata kuma irin waɗannan suna zuwa teburina, bari in faɗa maka abin da idona yake gani.

Farko dai sikirin ɗin ciki ba irin gilashin da ka saba da shi ba ne. Akwai gilashi amma siriri ne ƙwarai, wanda Samsung suka saka a Z Flip na farko a 2020 kaurinsa mikron 30 ne, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki talatin, sannan aka lulluɓe shi da roba a sama. Robar nan farce ma yana yi mata shaida. An taɓa kawo min wata, mai ita da farcen babban yatsa yake rubutu, in ka karkata ta a haske sai ka ga 'yan ramuka a jere daidai inda kibod yake fitowa, kuma wannan babu gogewa babu komai, ya zauna kenan.

Maganar ƙura kuma ka duba lambar IP da suke rubutawa a bayanin waya, mutane da yawa basa lura da ita. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Fold 3 na Samsung da ya fito 2021 IPX8 aka rubuta, X ɗin nan yana nufin basu yi maka alkawarin komai a kan ƙura ba, ruwa kawai. Haka suka tafi har Fold 5. Sai a Fold 6 na 2024 suka koma IP48, kuma 4 ɗin ma'anarta abin da ya fi milimita ɗaya girma ne ba zai shiga ba. Yanzu fisabilillahi ƙurar da ke sauka a kan gilashin mota a watan Janairu, wadda kake rubuta sunanka a kai da yatsa, ina ta kai milimita ɗaya? Wayar da ba ta ninkewa mai IP68 ita ce 6 ɗinta ke nufin a toshe take ruf. A masu ninkewa sai a 2025 Google suka fitar da Pixel 10 Pro Fold mai IP68, kuma ba ita aka kawo maka tayi ba na tabbata.

Ƙurar ta hinji take shiga, wato mahaɗin da wayar take ninkewa a kai. Sun saka 'yan burushi a ciki masu sharewa, suna ƙoƙari, amma ƙwayar yashi ɗaya in ta lallaɓa ta shige ƙarƙashin sikirin to duk buɗewa da rufewa tokarinsa take daga ƙasa, yau ka ga ɗan ƙullutu, gobe ɗigon baƙi, jibi baƙin ya bazu rabin fuska ta mutu, shi ne muke cewa tawada ta fashe. Kai kuma a Kwari kake, ban da ƙura ga ɓurɓushin zare duk lokacin da aka yanka yadi ko aka kakkaɓe bandir, in na buɗe wayar ɗan Kwari ko ba a faɗa min ba ina ganewa daga abin da ya cushe a ramin caji.

Sai gyara, nan ne gizo yake saƙa. Waya ta yau da kullum in ta fashe muna da zaɓi, akwai orijinal, akwai kwafin OLED, akwai insel, wato sikirin ɗin LCD mai araha, wanda ya fi shan batir kuma in wayar a jikin sikirin ake ɗora yatsa a buɗe ta to wannan ya daina aiki, amma dai mutum ya ci gaba da harkarsa. Sikirin ɗin ciki na mai ninkewa babu wannan rangwamen, yawanci da firem ɗinsa da hinjinsa ake canzawa gaba ɗaya, sau da yawa sai an yi oda an jira, kuɗin kuma ya isa ya saya maka sabuwar waya mai kyau a kwali. Da yawa in na faɗa musu farashi sai su ce bar shi, su ci gaba da amfani da ƙaramin sikirin na waje kawai, wayar ta koma mai kauri da nauyi a banza.

Ni dai Landan yus a wannan layin ban ba ka shawara ba, tunda baka san sau nawa aka ninke ta ba, baka san ko ta sha ƙasa ba, garanti kuma babu.

Malam na Rijiyar Zaki:

Injiniya ya gama magana a ɓangaren gyara, ban da abin ƙarawa. Amma tambayar Alhaji ta uku, wato ko yayi ne, a nan zan ɗan saka baki don lantarki nake koyarwa kuma na daɗe ina bibiyar abin nan.

Ba yayi ba ne, amma kuma ninkewar ba ita ce babban labarin ba. Abin da ya sa aka iya ninke sikirin tun farko shi ne sauyawa daga LCD zuwa OLED. LCD fitila ce a baya tana haskawa kullum, sai wasu 'yan tagogi a gaba suna buɗewa da rufewa su bar haske ya wuce, shi ya sa baƙinsa ba ya zama baƙi wuluk, da daddare za ka ga yana ɗan toka-toka. OLED kuwa kowane ɗigo shi yake ba da haskensa da kansa, in wurin baƙi ne sai ɗigon ya mutu kawai, babu fitilar baya, don haka ana iya shimfiɗa shi a kan roba mai lanƙwasa. Tun 1987 masu bincike biyu a kamfanin Kodak, Ching Tang da Steven Van Slyke, suka nuna yana aiki, amma sai 2007 Sony suka sayar da talabijin ɗin OLED ta farko mai inci 11 kacal, iPhone kuma sai a 2017 ya shigo da iPhone X. Kun ga tsakanin ɗakin bincike da aljihun mutane shekara nawa ake ɗauka.

Masu ninkewa ma haka suke tafiya. Galaxy Fold na farko a watan Afrilun 2019 a hannun 'yan jarida masu gwaji ya fara lalacewa, wasu sun ɓare ledar sama suna zaton sikirin gad ce, wani kuma datti ya shige masa ta hinji, dole aka ɗage fitar da shi zuwa Satumba, kuɗinsa dala 1,980. Zuwa 2023 Tecno sun fitar da Phantom V Fold a kusan dala 1,100, a 2024 Huawei suka kawo Mate XT mai ninki uku wanda in ka buɗe shi inci 10.2 ne. Samsung da suke cewa sun gwada ninki 200,000, wato sau 100 a rana har sama da shekara biyar, a Fold 7 sun ce 500,000. Ci gaba ne na gaske. Sai dai inji ne ya yi gwajin a ɗaki mai tsafta da sanyi daidai, ba aljihun mutumin da ya hau adaidaita daga Kwari zuwa Naibawa ba.

Abin da ni yake damuna game da OLED a garinmu zafi ne. Sinadaran da ke ba da hasken suna tsufa, shuɗin ya fi saurin gajiya, kuma zafi da ƙure haske suna ƙara masa gudu, shi ne za ka ga tsohuwar waya farinta ya koma ɗorawa-ɗorawa ko inuwar kibod da alamar batir sun zauna a jiki basa tafiya. Apple da Samsung duk sun rubuta cewa a yi amfani da wayarsu tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuma a Afrilu muna wuce 40 a inuwa. Dushewar da Alhaji yake gani a bakin shago ma wani ɓangarenta daga nan ne, waya in ta ɗau zafi da kanta take rage haske don ta kare kanta. Kuma lambar da ake tallatawa, nit 2,000 ko fiye na ƙarfin haske, a ɗan ƙaramin wuri ne na ɗan lokaci, ba duk fuskar ba ce tsawon yini.

Don haka in za a tambaye ni ci gaban da ya fi amfanar mutumin Kano a 'yan shekarun nan, zan ce gilashin da ba ya mayar da hasken rana ne, irin wanda aka saka wa Samsung S24 Ultra a 2024, ka ajiye ta kusa da wata a tsakar rana ka gani, ɗaya fuskarka kake kallo ɗaya rubutu kake karantawa. Sai OLED mai hawa biyu da Apple suka saka a iPad Pro na 2024, hawa biyun suna raba aikin, kowanne ba ya wahala sosai, ga haske ga daɗewa. Sai sikirin mai rage saurin sabunta hotonsa daga sau 120 a daƙiƙa zuwa sau 1 in hoto a tsaye yake, wannan batir yake ceta, kuma mu da wuta ba kullum ba batir shi ne komai.

Wanda ake jira kuma shi ne MicroLED, shi ma kowane ɗigo fitilar kansa ce amma ba irin sinadarin da ke saurin tsufa ba, ga haske mai ƙarfi. Samsung sun nuna shi tun 2018 a wata ƙatuwar talabijin mai inci 146 da suka kira The Wall. Matsalarsa haɗawa, talabijin 4K ɗigo miliyan 8.3 ne, kowanne da ja da kore da shuɗi, kusan fitila miliyan 25 kenan da sai an ɗauko kowacce an ɗora a gurbinta ba kuskure. Shi ya sa har yanzu kuɗinsa na attajirai ne, kuma kar Alhaji ya ce zai jira shi a waya kafin ya canza tasa.

Akwai kuma masu naɗewa kamar tabarma, LG sun nuna irin wannan wayar a Janairun 2021, a shekarar kuma suka rufe sashen wayarsu gaba ɗaya bata fito kasuwa ba, sai Lenovo a 2025 suka fitar da laftof mai miƙewa daga inci 14 zuwa 16.7. Ita ma wannan ramin da sikirin yake shiga ya fita, Injiniya ya san me zai taru a ciki.

Maman Hanif:

Ni kam zan ɗan kare su gaskiya, kun sa duk wanda ya karanta zai tsorata. Ƙaramar nake riƙewa, mai rufewa sama da ƙasa, sabuwa na saya kuma ta ga hunturu ta ga bazara lafiyarta ƙalau. Kek da cincin nake yi na biki, kuma abin da ya sa ba zan iya komawa wata ba shi ne in na lanƙwasa ta rabi sai ta zauna da kanta a kan tebur, ina kwalliyar kek tana ɗaukata bidiyo hannuna biyu a sake, ba sai na nemi mai riƙe min ba ko in jingina ta da gwangwanin madara tana zamewa. In saƙo ya shigo kuma a ƙaramin sikirin na waje nake gani ba sai na buɗe da hannu duk fulawa ba.

Layin tsakiyar yana nan, yatsa yana jinsa, amma ido yana sabawa. Abu ɗaya da ya faru ledar sama ta fara ɗagowa daidai kan layin, ban taɓa ba na kai aka canza min, shikenan. Amma fa ina lallaɓa ta, aljihunta daban a jaka mai zif, bana haɗa ta da makulli ko canji, yara basa taɓawa, kafin in rufe sai na duba babu komai a kai. Kuma ni a gida nake yini. Alhaji da yake cikin kasuwa daga safe zuwa magariba yaran shago kowa na karɓa yana nuna wa kwastoma, anya kuwa, wannan sai dai shi ya auna.

Baba Alhaji Gwammaja:

Allah Ya yi muku albarka 'ya'yana, na ƙaru. Ni nawa bai wuce ido ba. Da daddare in ina karatun Alƙur'ani ko wani littafi a waya na rage hasken, ba a jimawa sai idona ya fara ruwa kaina ya ɗau ciwo, a takarda kuma bana jin haka. Malam, cikin sababbin nan akwai wanda aka yi domin irinmu?

Malam na Rijiyar Zaki:

Amin Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Akwai dalilin da zai iya jawo haka. OLED da yawa in an rage haske ba ragewa suke na gaske ba, kunnawa da kashewa suke da sauri sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ido ba ya gani amma wasu mutane yana damunsu. Ka gwada barin hasken wayar a tsakiya ka kunna fitilar ɗaki maimakon karatu a duhu, sannan a duba idon a asibiti don kar a ɗora wa waya laifin da ba nata ba.

Wanda aka yi don karatu kuwa shi ne E Ink, irin na Kindle, na'urar karanta littattafai da ta fito tun 2007. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe da lantarki yake turowa sama ko ƙasa, in shafi ya fito ya zauna ba ya ƙara cin wuta sai za ka juya, shi ya sa caji ɗaya yake kai makonni, kuma rana tana ƙaruwa yana ƙara fitowa. Bidiyo ne ba ya iyawa da kyau, kalarsa kuma a dushe take, don haka ba zai yi wa Alhaji da shaddarsa ba, amma kai Baba in wani daga cikin yaran zai yo maka tsaraba wannan za ka ce ya kawo.

Ɗan Kwari:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya kin faɗi gaskiya, wayata a hannun yara take yini. Na fasa Landan yus ɗin nan. Tunanina yanzu in sayi mai fuska ɗaya mai haske sosai, in ƙara da ƙaramin tablet da zai zauna a shago don lissafi da nuna kaya. Injiniya, in na zo saye me zan duba? Kuma wani lokaci kwastoma yana cewa kalar da ya gani a hoto ba ita aka kai masa ba, shi ma daga sikirin ne?

Injiniya Farm Centre:

Daga sikirin ne sau da yawa Alhaji. Wayoyin OLED da dama suna zuwa a saitin da ke ƙara wa kala ƙarfi, Vivid suke rubutawa, ja ya zama jawur, ruwan goro ya tashi kamar lemo, kai ka gani ya yi kyau ka tura. Ka shiga saitin sikirin ka mayar da shi Natural, ka kashe abin kare ido mai sa fuska ta yi ɗorawa lokacin da kake duba hoto, ka ɗauka a inuwar bakin shago ba cikin rana tsaka ba kuma ba ƙarƙashin farin ƙwan shago ba, ka ajiye farar takarda a gefen yadin a cikin hoton. Wayar kwastoma kuma ba a hannunka take ba, in tasa insel aka saka mata to dole ya ga wata kala daban, don haka kaya masu tsada ka haɗa masa da lambar kalar da ɗan bidiyo.

Wajen saye, sabuwa ce ko ta hannu, ka fita da ita waje cikin rana ka buɗe kamara ka tsaya 'yan mintuna ka ga ko za ta dushe, kar ka yarda da hasken cikin shago. In ta hannu ce ka buɗe farin hoto zalla ka ƙure haske ka nemi inuwar kibod ko siririn koren layi, sannan ka buɗe toka-toka ka rage haske ka ga ko akwai dabbare-dabbare, ka gwada buɗewa da yatsa, ka duba gefen firem ko akwai alamar gam. Ka nemi mai IP68 ko aƙalla wadda lambarta ta farko 5 ce ko 6. Kuma kafin ka biya ka zagaya shago biyu ko uku ka tambayi nawa ne orijinal sikirin ɗinta kuma akwai shi a ƙasa ko sai an yi oda, in kowa ya ce sai oda to ka nemi wata. In za ka shigo ka bari sai bayan azahar, da safe layin masu karɓar gyara yana da yawa ba zan samu zama in duba maka da kyau ba.